Ƙarar Kofi a Kan Faranti

Shekara goma sha tara ana kiranta Amarya, har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta ba a sake mata suna ba. Sunan ya samo asali ne daga wasan da ƙungiyarsu ta fi shahara da shi, inda take fitowa a matsayin matar ɗan gida, yarinyar da aka kawo bai fi wata uku ba. Mai gadin zauren wasan Amarya yake ce mata, mai yanka tikiti Amarya, hatta 'yar da ta haifa da cikinta in ta so tsokana sai ta leƙo ta ce, "Amarya, yau me za a dafa?"

Wasan labarin wani tsohon alƙali ne da ya yi ritaya, kansa ya fara taɓuwa saboda wani bawan Allah da ya yanke wa hukunci bisa kuskure. Ya mai da falon gidansa kotu, duk wanda ya shigo sai ya tsare shi da tuhuma. Alƙalin shi ne wasan, shi ke da maganganun da ake haddacewa, ɗansa kuma yana biye masa. Ita matar ɗan, layinta ashirin da uku ne, rabinsu ma "To, Baba" ne. Sau huɗu take hawa dandamali, kowane karo da shayi a hannu. A takardar sanarwa sunanta ne na ƙarshe, wani lokacin ma mai buga takardar yakan manta da shi, a ce ta yi haƙuri.

Amma akwai shigowa ta uku. Alƙali zai zura mata ido yana zargin ta zuba masa guba, ita kuma ta tsaya a tsakiyar falo ba ta da bakin kare kanta. Minti ɗaya cur ba mai cewa uffan. Abin da ake ji kawai ƙarar kofin tangaran yana kaɗawa a kan ɗan farantinsa. Mutane sukan fita sun manta duk dogon surutun alƙali, amma su kai wannan ƙarar har gida. Mata sukan tsare ta a bakin ƙofa su riƙe mata hannu su ce, "Baiwar Allah, ni ma na taɓa tsayawa haka."

To, wannan ƙara tana da tarihi, kuma tarihin ba mai daɗin ji ba ne.

Darakta, wanda kowa ke ce wa Oga, mutum ne mai taushin murya. Ba a taɓa jin ya yi wa kowa tsawa ba. Shi ne zai tuna mahaifiyarka ba ta da lafiya, ya zaunar da kai a ofishinsa ya zuba maka shayi da hannunsa, ya ce, "Faɗa min, me ke damunka?" Kai kuma ka saki baki, don ba kullum ake samun mai saurare ba. Ashe tsintar ciwon mutane yake yi yana adanawa, kamar yadda tela ke tara ƙyalle, bai san ranar da zai yi masa amfani ba. Aƙidarsa ita ce tsoro ba a kwaikwayonsa, sai dai a tayar da shi. Saboda haka in shigowa ta uku ta gabato, yakan zo bayan labule ya tsaya a gefen hagun Amarya, ya gyara mata ɗankwali kamar uba, ya raɗa mata magana ɗaya a kunne, sannan ya ɗan tura ta gaba.

Ranar farko tana da shekara ashirin da biyu. Ta riga ta gaya masa mahaifinta ya ce duk ranar da ta hau dandamali ta nemi wani uban. Sai Oga ya sunkuyo ya ce, "Mahaifinki yana layi na uku. Ya ce ya zo ya ga irin 'yar da ya haifa." Ƙarya ce, tsohon yana gida. Amma ta shiga kofin yana kaɗawa, shayi mai zafi ya kwararo mata har wuyan hannu ba ta ma ji ba, zaure ya ɗauki tafi kamar zai tsage. Da aka tashi Oga ya ce mata, "Kin ga abin da ke cikinki? Ni ƙofa kawai na buɗe." Ta durƙusa ta gode masa. Wannan godiyar ita ta fi ƙona mata rai daga baya, fiye da raɗar kanta.

Shekara bakwai aka yi a haka, kowace Asabar da Lahadi ƙarfe huɗu na yamma. In tsohuwar raɗa ta daina ci sai ya nemo sabuwa, kuma ba ya rasawa, tun da ita ke kai masa da bakinta. Da ta yi aure ta shekara huɗu ba haihuwa, ya samu raɗar wata biyar. Da mahaifiyarta ta rasu tana can wani gari suna wasa, ya ba ta hutun kwana goma, ya zo ta'aziyya da kansa, ranar da ta dawo kuma ya raɗa mata, "An ce har ta cika sunanki take kira." Ta kai ta kawo ko a gida ba ta iya miƙa wa baƙo ruwa sai ta riƙe kofin da hannu biyu.

Mijinta mai gyaran agogo ne, yana da rumfa kusa da tashar mota, tebur ɗaya da gilashi da 'yar fitila. Can suka haɗu, ta kai masa agogon hannu da ya tsaya, ya gyara a minti biyar ya ce ta dawo jibi, don dai ya sake ganinta. Mutum ne marar yawan magana, kunnensa kuwa ya fi idonsa gani. Sau ɗaya ya je kallon wasan a farkon aurensu, suna fitowa ya ce, "Ba zan ƙara zuwa ba. Wannan ba wasa ba ne, yanka ki ake yi ana tafi." Ta yi fushi kwana biyu, ta ce ba ya son ci gabanta. 

Sai bayan maganar mahaifiyarta, da ya ga ta fara ramewa tana firgita in an taɓa ƙofa, ya ce ta ɗauko masa kofin nan na wasa. Ta saka shi a jaka ta kawo. Da safe ya zauna a tsakar gida da ɗan dutsen da yake wasa ƙananan kayan aikinsa, ya goge gefe ɗaya na gindin kofin kaɗan, abin da ido ba zai gani ba, har ya zama kofin ba ya zama daidai a kan farantin. Sannan ya nuna mata sauran: ta manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ta danna ƙaramin yatsa a ƙarƙashin farantin da ƙarfi har jijiyar ta gaji ta fara rawa da kanta, ta riƙe rabin numfashi. Sati uku tana gwadawa da ruwan sanyi kafin abin ya zauna. Daga nan Oga ya ci gaba da raɗarsa, ita kuma tana lissafa kayan cefane a zuci, maganar tana wuce ta kamar rediyon maƙwabta.

Mai agogo ya karya alkawarinsa ya sake zuwa kallo sau ɗaya. A hanyar komawa gida yana murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi, yau ƙarya kika yi."

"Yaya aka yi ka gane?"

"Ƙarar ta tafi daidai, kamar sakan. Kuma shayin bai zube ba. Tsoro na gaskiya ba shi da tsari, sai ya tsaya, ya fizga, ya sake tsayawa. Kamar agogon da ruwa ya shiga."

Bayan shi ba wanda ya taɓa ganewa. Shekara goma sha biyu tana yaudarar Oga a gaban idonsa, shi kuma yana zuwa makarantu yana ba ɗalibai misali da ita, wai ga hujjar cewa hanyarsa tana aiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin yana ci mata rai, amma ta yi gum. Ta san in ya gane, kofin zai fasa ya koma tono, wannan karon da zurfi. Kuma a duk faɗin zauren nan, daga labule har kujeru, wannan sirrin ne kaɗai abin da za ta nuna ta ce nata ne.

Tana da shekara arba'in da ɗaya aka yi dariya. Wanda ke fitowa a mijinta ya ce, "Baba, ka tausaya mata, yarinya ce," sai wani ɗan iska a kujerun baya ya ce, "Wace yarinyar?" Zaure ya fashe. Ranar Talata Oga ya kira ta ofis, ya zuba mata shayi, ya yabe ta har ta fara jin kunya, sannan ya ce ɗakin kaya yana neman mai hankali. Ɗakin kaya wani lungu ne a bayan dandamali, taga ɗaya, keken ɗinki ɗaya, famfo a kusurwa, da warin tufafin da mutum goma suka yi gumi a ciki. Nan aka ajiye Amarya tana ɗinke maɓalli da wanke kofuna.

Wadda aka kawo a madadinta 'yar shekara ashirin da ɗaya ce, ba ta cika shekara da aure ba. Da yake ita ce ƙarama a ƙungiya sai aka sa mata Auta. Ga surutu, ga dariya ba dalili, ga shiga jikin mutane. Tun ranar farko ta faɗo ɗakin kaya ta ce, "Anti, wallahi tun ina makaranta nake kallonki, saboda ke na shigo harkar nan." Amarya ta ce, "Madalla," ta ci gaba da zare. Gaskiya ɗaya ce, so take yarinyar ta fāɗi. Kuma da alama za ta samu biyan buƙata, don a wajen gwaji Auta in an ce ta yi rawar hannu sai ta riƙa girgiza farantin kamar mai kaɗe tabarma, har alƙali ya kasa riƙe dariya. Amarya tana leƙe ta ƙofa tana jin sanyi a ranta.

Oga kuwa ko a jikinsa. Sai ya ce, "Ku bar ta, ranar za ta yi." Daga nan aka fara ganin Auta a ofis, shayi a gabanta, yana tambayarta mutanen gida. Amarya ta wuce ta ga haka sau biyu, sanyin da ke ranta ya koma wani abu daban. Ta san kujerar nan, ta san ma inda fatarta ta yage.

Saura sati uku a buɗe wasa Auta ta zo gwada rigar amarya. Wata guda kafin nan, da Amarya ta auna ta, ta lura da abin da mace ke lura da shi, ta dai bar sarari a ɗinkin ƙugu. Yau kuwa rigar ta yi mata yawa. Amarya ta kama rarar yadin da yatsu biyu, ta ɗaga kai ta dube ta. Kallon nan kaɗai ya isa. Auta ta zauna a kan akwatin takalma ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana dannewa.

Ciki ne na wata uku. Likita ya ce ta kwanta kada ta motsa, mijinta ya roƙe ta da girman Allah kafin ya yi tafiyar aiki. Ita kuma ta ji tsoron in ta yi sati biyu ba ta zo ba za a ba wata matsayin. Ta zo gwaji kwana uku a jere, tana hawa matakala tana sauka da tire. A rana ta uku cikin ya zube, a banɗakin da ke bayan dandamali. Ta wanke wurin da kanta, ta hau mota ta koma gida, ta gaya wa mijinta a kan gado abin ya same ta. Har yau shi ke ba ta haƙuri yana cewa laifinsa ne da ya yi tafiya.

"Anti, ke kaɗai na gaya wa. Ko mamata ba ta sani ba. In ya ji, wallahi na kaɗe."

"Oga fa? Kin gaya masa?"

"A'a. Yana ta tambayata ko akwai abin da ke damuna, na kusa ma jiya."

"Kada ki kuskura," in ji Amarya, da ƙarfin da ya ba yarinyar tsoro. "Ko sunan kyanwarku ya tambaya ki ce ba ki sani ba."

Ranar ta koma gida ta kasa cin abinci. Ta ba mai agogo labarin a dunƙule, ba ta faɗi sirrin yarinyar ba, ta ce dai tana tunanin koya mata kofin. Ya daɗe yana juya wani ɗan ƙaramin sukuru a tafin hannu, sannan ya ce, "Kofin naki ne. Amma ki sani in kin bayar, kin bayar ke nan." Ta sani. Muddin Auta ba ta iya ba, akwai ɗan fatan wata rana a ce Amarya ta dawo ta rufa asiri. In ta koya mata, ta rufe wa kanta ƙofa da hannunta.

Ta koya mata. Kullum da rana in an tafi cin abinci sai su kulle ɗakin kaya, gwiwar hannu a haƙarƙari, ƙaramin yatsa a ƙarƙashin faranti, rabin numfashi. Ta gaya mata komai game da raɗar, ta ce duk abin da ya faɗa ta riƙa lissafa kayan cefane. Auta ta yi dariya ta ce ita ba ta iya cefane ba, sai dai ta lissafa sunayen ƙannenta. Kan yarinyar yana ja, abin da ya ɗauki Amarya sati uku ta kama shi a kwana tara. Ranar da ƙarar ta fito daidai, tas-tas-tas kamar sakan, suka rungume juna suna tsalle kamar yara. Amarya ta yi mamakin kanta, don ta ɗauka baƙin ciki za ta ji, sai ta ji kamar an sauke mata kaya.

Da ta tsaya a nan da an zauna lafiya.

Ana gobe za a buɗe wasa ta wuce ta ga Oga ya sake zaunar da Auta, ya jawo kujerarsa kusa, yana magana a hankali, yarinyar ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta. Hankalin Amarya ya tashi. Ta san mutumin nan, in bai samu ƙofa ba ta taga yake shiga, in ya yi ta lalube kuma zai iya dacewa. Ta jira Auta ta fita, ta shiga ba sallama mai kyau. A tunaninta shekara goma sha tara sun isa su saya mata alfarma ɗaya.

"Oga, alfarma na zo nema. Yarinyar nan, gobe kada ka yi mata raɗa."

Ya cire tabarau ya dube ta da fara'a. "Amarya ke nan. To in ban yi ba, me zai kaɗa kofin? Kin ga dai yadda take yi a gwaji."

"Za ta iya. Na tabbata."

"Da me kika tabbata?"

Nan ta tsaya, sirri biyu a bakinta, nata da na Auta, kuma ta ga ba zai saurare ta ba sai ta ajiye ɗaya a kan tebur. In ta ce kofin gogagge ne, ta gaya masa ke nan shekara goma sha biyu tana mai da shi wawa, duk laccar da ya yi a makarantu iska ce. Zai fasa kofin, ita kuma ko ɗakin kayan ba za ta ƙara gani ba. Ɗayan kuwa, sai zuciyarta ta fara yi mata daɗin baki: ai mutum ne, yana da 'ya'ya mata, wa zai ji irin wannan bai tausaya ba? Ta yarda da wannan magana don tana son ta yarda. Ita da ta fi kowa sanin ba a kai wa kura ajiyar nama.

"Ba ta da lafiya, Oga. Ɓari ta yi, a nan cikin zauren, a banɗakin baya. Mijinta bai san a nan ba ne. Yarinyar a tsaye take kawai, in ka taɓa ta za ta karye. Don girman Allah ka bar ta."

Oga ya girgiza kai a hankali, har idonsa ya yi kamar zai kawo ruwa. "Subhanallahi. Allah sarki, yarinya ƙarama. Kin kyauta da kika faɗa min, Amarya. Kin kyauta ƙwarai."

Ta fito tana jin ta yi abin kirki. Sai da ta kai bakin titi ta tuna bai ce ya bari ba, amma ta kori tunanin ta tare mota.

Asabar ƙarfe huɗu zaure ya cika, don an ji an sake amarya. Mijin Auta yana layi na biyu da sabuwar riga, yana ta gaya wa na kusa da shi matarsa ce za ta fito. Mai agogo ma ya zo, karo na uku a rayuwarsa, ya zauna can baya don ya ji aikin hannunsa a hannun wata. Shigowa ta farko da ta biyu suka wuce lafiya. Da ta uku ta gabato, Amarya ta zuba shayi a kofin, ta ɗora a faranti, ta miƙa wa Auta a bayan labule. Yarinyar ta manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ta kashe mata ido ɗaya.

Sai ga Oga ta gefen hagu. Ya ɗaga hannu ya gyara wa Auta ɗankwali. Amarya tana taku ɗaya daga wurin, ta ji kowace kalma.

"Mijinki yana layi na biyu. Ya san a wane banɗaki ɗansa ya tafi?"

Auta ba ta dubi Oga ba. Juyowa ta yi ta dubi Amarya, bakinta a ɗan buɗe, kamar yaron da uwarsa ta mara bai san laifinsa ba. Daga dandamali alƙali ya buga sanda ya ce, "A shigo da ita!" Oga ya ɗan tura ta gaba.

Amarya ta rufe ido, amma kunne ba shi da marfi. Ƙarar ta fara, ta tsaya, ta fizga da ƙarfi, ta sake tsayawa har aka ɗauka ta ƙare, sannan ta dawo a guje. Aka ji ɗigar shayi a kan katako. Zaure ya yi tsit, ko tari babu. Da mintin ya cika Auta ta ce, "To, Baba," da wata murya da ba a koya mata ba, mutane suka miƙe tsaye suna tafi a tsakiyar wasa, abin da ba a taɓa yi wa Amarya ba a shekara goma sha tara. Mijin yarinyar ya fi kowa tafi, yana share hawaye da hannun sabuwar rigarsa.

Da aka tashi, rana ba ta ma faɗi ba, Oga ya leƙo ɗakin kaya fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Kin ji zauren nan kuwa? Har yanzu hannuna bai mutu ba." Ya rage murya. "Na yi sati huɗu ina nema ban samu komai ba, ke kuwa a zama ɗaya. Yaran nan sun fi sakin jiki da ke. Daga yau duk sabuwar da aka kawo, ɗakin nan za ta fara zama. Kada ki damu, wurinki ya tabbata."

Ya tafi karɓar gaisuwa. Bai daɗe ba Auta ta shigo, ta cire rigar amarya ta ninke ta da kyau ta ajiye a kan keken ɗinki. Hannun rigar ya jiƙe da shayi har wuyan hannu, fatar wurin ta yi ja. Amarya ta buɗe baki, ta ce, "Auta, wallahi ni nufina..."

"Anti, ke kaɗai na gaya wa."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki kofin da farantinsa ta ɗora a hannun Amarya.

"Ungo kofinki. Na ga ba na buƙatarsa."

Ta fita. Ta taga Amarya ta hango mijin ya tare ta da murna, ita kuma tana yi masa murmushi, hannunta na dama a ɓoye cikin mayafi. Gobe Lahadi akwai wasa ƙarfe huɗu, da Asabar mai zuwa, da wadda ke bayanta. Raɗar nan za ta yi shekara ba ta daina ci ba.

Mai agogo ya shigo ɗaukarta su tafi gida. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, bai yi mata sannu da aiki ba.

"Ba kofina ne ya yi ƙarar nan ba," in ji shi. "Wani ya ba mutumin nan wuƙa. Waye?"

Amarya ta juya ta nufi famfo don ta wanke kofin, taku huɗu ne kawai daga inda take. A taku na biyu kofin ya fara kaɗawa a kan farantin. Gwiwar hannunta ba ta kusa da haƙarƙari, ƙaramin yatsanta bai danna komai ba. Ƙarar ta tsaya, ta fizga, ta sake tsayawa.

Mai agogo ya karkata kai yana saurare, kamar yadda yake yi in an kawo masa agogon da ya lalace. Sannan ya sa hularsa a hankali, bai sake tambaya ba.